Me ya sa kwatarniyar baftisma ta tsofaffin cocin Jamus take da girma haka?

"Malam barka da aiki. Ina karatun aikin jinya a Hannover, ran Asabar da ta wuce muka je Hildesheim ni da wata ƙawata muka shiga babban cocin garin, sai na ga wata ƙatuwar tukunyar tagulla da murfinta har ta fi ni tsayi, wasu mutum huɗu sun durƙusa sun ɗauke ta a kafaɗa. Aka ce wai ta baftisma ce kuma ta kai shekara 800. Ni dai a cocinmu na gida ɗan kwano ne fada yake ɗiban ruwa ya zuba wa jariri a goshi. To me za a yi da wannan uban girma? Kuma ya aka yi suka ƙera ta ba inji ba lantarki? An ce min tsofaffin kayan ƙarfe ne aikinka shi ya sa na ce bari in tambaye ka."

Barka kadai ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiya na ji daɗin tambayar nan, don mutane da yawa in sun shiga cocin nan ƙofofin tagulla na Bishop Bernward na 1015 suke tsayawa kallo su ɗau hoto su wuce, ke kuma kin tsaya a kan abin da ni ya fi ɗauke min hankali. In na fahimce ki abu biyu kike tambaya, amfanin girman da kuma yadda aka zuba ta, ni kuma zan ƙara miki na uku don ba ya rabuwa da su, wato me ya sa irin waɗannan suka fi yawa a arewacin Jamus.

Wadda kika gani an yi ta wajen 1226. Tsayinta da murfi kamar mita 1.70, faɗin bakin santimita 96. Wani babban malamin cocin mai suna Wilbrand ne ya biya kuɗinta, yana nan ma a jikinta ya durƙusa a gaban Maryamu, an rubuta sunansa Wilbernus. Mutum huɗun nan da suka ɗauke ta ba bayi ba ne kamar yadda wasu baƙi suke zato, koguna huɗu ne na gonar Adnin da ke cikin littafin Farawa, Fishon da Gihon da Tigris da Yufiretis, shi ya sa kowanne yake riƙe da tulu yana tsiyayar da ruwa.

Zancen girma

Amsar farko mai sauƙi ce, a lokacin tsoma jariri ake yi a ruwa, ba ɗan zubawa a goshi ba. A tuɓe shi tsirara fada ya riƙe shi ya tsoma shi sau uku, kin ga kuwa dole abin ya yi zurfi da faɗin da yaro zai shiga ba tare da kansa ya bugi gefe ba. Kuma ba a jira, kwana ɗaya ko biyu da haihuwa an kai shi coci saboda yadda jarirai suke mutuwa a zamanin, iyaye suna tsoron ya rasu ba baftisma. Martin Luther ma, malamin cocin nan Bajamushe da ya fara tafiyar Furotesta, an haife shi ran 10 ga Nuwamba 1483, washegari ran 11 aka yi masa baftisma a Eisleben. Ki tuna sanyin Nuwamba na ƙasar nan da kika riga kika ɗanɗana, ga coci na dutse ba abin ɗumama ɗaki, sai ki gane dalilin da ya sa wasu garuruwa suka nemi dabara. Ta cocin St. Sebald a Nürnberg an yi mata wurin sa garwashi a ƙasa don ruwan ya yi ɗumi.

Amsa ta biyu ita ce wadda mutane ba su cika sani ba. Ba kullum ake ɗebo sabon ruwa ba. A daren Ista ake cika ta a tsarkake ruwan da addu'a a ɗiga masa mai mai tsarki, a sake yi a jajibirin Fentikos, shi kenan wannan ruwan za a yi ta amfani da shi wata da watanni ga duk jaririn da aka haifa a yankin cocin. Wato kwatarniyar ma'aji ce, kamar randa. Daga nan ne zancen murfi ya taso, a kare ruwan daga ƙura da ƙwari, a kuma kare shi daga masu satarsa su kai wa boka ko su yi magani da shi, har kwaɗo ake sa wa wasu, wasu kuma a zagaye su da shingen ƙarfe. Ta Wismar tana da irin wannan shingen, saƙarsa ta yi kyau har mutanen garin suka ce ba hannun mutum ba ne, suke kiransa shingen shaiɗan.

Daga baya a hankali zubawa a ka ta maye gurbin tsomawa, sai aka riƙa ɗora ɗan faranti ko tasa ta farin tagulla a bakin tsohuwar kwatarniyar a zuba ruwa kaɗan. In kin leƙa cikin da yawa daga cikinsu yau abin da za ki tarar kenan, ƙaramin kwano zaune a kan babbar tukunya wadda ba komai a cikinta. Kwanon cocinku na gida jikan wannan tasar ne.

Akwai kuma ma'ana ta addini da ta sa aka zaɓi tagulla. A haikalin Sulemanu akwai babbar kwatarniyar tagulla da aka ɗora a kan bijimai 12, tana cikin littafin Sarakuna na farko sura 7, malaman coci na wancan zamani kuma suna ɗaukarta a matsayin ishara ga baftisma. Shahararriyar kwatarniyar Liège a Beljiyam, wadda aka yi tsakanin 1107 da 1118, a kan bijimai 12 ɗin aka ɗora ta, yanzu 10 suka rage. Ita ta riga ta Hildesheim da fiye da shekara ɗari. A nan zan tsaya a iyakata, ni mai aikin ƙarfe ne, fassarar tauhidin hotunan fadan cocinku zai fi ni iya warware miki shi. Abin da ido yake gani dai a jikin ta Hildesheim shi ne Yahaya yana yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun, Musa yana ƙetarar da jama'a Bahar Maliya, sai ƙetare Urdun da Akwatin Alkawari, duk labarin mutanen da suka ratsa ruwa suka tsira ne. A murfi kuma akwai sandan Haruna da ya yi toho, da kisan jarirai na Hirudus, da matar nan da ta wanke ƙafafun Yesu da hawayenta, da ayyukan jinƙai.

Ki kifa ta a ranki, ƙararrawa ce

Yanzu ga ɓangaren da ya fi min daɗi. In kina son gane yadda aka yi ta, ki cire ƙafafun da murfin a zuciyarki ki kifa tukunyar, me kika samu? Ƙararrawar coci. Yawancin waɗanda suka zuba waɗannan kwatarniyoyi masu zuba ƙararrawa ne ko masu zuba tukwanen girki, irin tukunyar nan mai ƙafa uku da Jamusawan arewa suke kira Grapen. Rami ɗaya, murhu ɗaya, yumɓu ɗaya. Dangin Klinghe na Bremen a ƙarni na 15 haka suka yi ta yi, yau ƙararrawa gobe kwatarniya.

Ga yadda aikin yake. Da farko a gina ciki, wato ƙwarya ta tubali da yumɓu, a kafa sanda a tsakiya a ɗaura mata katako da aka yanka daidai da siffar da ake so, a riƙa juya katakon yana shafe yumɓun har ya zagaye sumul. A bar shi ya bushe. Sai a shimfiɗa masa kaki ko kitse daidai kaurin da ake son ƙarfen ya yi, a kan wannan kakin ne ake liƙa mutane da ganyaye da haruffa, duk na kakin zuma. Bayan nan a fara shafa yumɓu mai laushi kamar kunu da burushi don ya shiga kowane lungu na fuska da yatsu, a bari ya sha iska, a ƙara wani, a ƙara wani, na waje a gauraya shi da kashin doki da gashin dabba da ƙaiƙayi don kar ya tsage kuma iska ta samu hanyar fita. A ɗaure da ƙarafa. Sai a hura wuta kakin ya narke ya tsiyaye, gurbinsa ya zama fanko tsakanin ciki da waje. A sauke duka a rami a cika da ƙasa a daddaɓe sosai, sannan a narkar da ƙarfe a murhu har wajen digiri 1100, da gawayi da itace da zugazugai da mutane suke takawa suna karɓa-karɓa, a buɗe masa hanya ya gangara ta kwata ya cika fankon. Wani malamin zuhudu da ake kira Theophilus ya rubuta kusan wannan tsarin tun farkon ƙarni na 12 a kan zubin ƙararrawa, har ya faɗi awo, kashi huɗu jan ƙarfe kashi ɗaya kuza. Daga baya suka samo hanyar da ta fi araha, a yi tsakiyar da yumɓu maimakon kaki, in ya bushe a ɗaga rigar waje a fasa tsakiyar a mayar da rigar, kaki sai a kan ado kawai.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu fa. Da wannan dabarar ta kaki aka zuba kayan Igbo-Ukwu da kawunan Ife da na Benin, ni kaina a maƙerar kawuna, maƙerin fari, na fara ganin ana naɗa kaki a rufe da yumɓu a zuba ƙarau da kayan doki. Bambancin shi ne girma, kuma girma shi ne duk wahalar. Abin da ya kai ɗaruruwan kilo dole ya shiga a zubi ɗaya cikin 'yan mintuna, in ƙarfen ya huce a hanya sai ya bar tabo kamar ɗinki, in kuma da sauran danshi a yumɓun to an shiga uku. Na taɓa zuba wani turmin tagulla da bai wuce kilo 12 ba, na yi gaggawa ban bar yumɓun ya gasu har ciki ba, ƙarfe na shiga sai na ji yana tafasa yana tofar da wuta ta baki, da muka fasa washegari jikin duk ramuka kamar saƙar zuma, aikin sati uku ya koma tukunyar narki. Tun ranar in na tsaya gaban irin ta Hildesheim na ga fuskokin nan sun fito tsaf har da gashin gemu, nakan ji tsigar jikina ta tashi, don na san mutanen nan sun yi watanni suna shiri kuma dama ɗaya tak suke da ita.

Wani abu da aikina ya koya min, kalmar tagulla a nan ta haɗa abubuwa da yawa. Ƙararrawa tana buƙatar kuza mai yawa, wajen kashi 20 cikin 100 ko ɗan fiye, don ta yi amo, amma kwatarniya ba kaɗa ta za a yi ba, saboda haka sau da yawa za ki samu kuza kaɗan, an ƙara dalma don ƙarfen ya gudana da kyau kuma ya yi sauƙin sassaƙa, wasu kuma da tutiya a ciki, ga tsofaffin tukwane da aka narkar aka zuba. Ta Liège ma farin tagulla ce. Da ido ko a hoto ba wanda zai iya rantse miki a kan haɗin, sai an sa na'urar gwaji a jiki.

Me ya sa arewa

Dalili na farko ƙasa ce. Arewacin Jamus fili ne na yashi da laka, ba dutsen sassaƙa mai kyau, shi ya sa kika ga manyan cocinsu na jan bulo ne. Kafin tagulla ta yaɗu, daga tsibirin Gotland ake kawo kwatarniyoyin farar ƙasa ta jirgin ruwa, ko na dutsen Bentheim daga yamma. Na biyu, jan ƙarfe yana kusa. Dutsen Rammelsberg da ke gefen Goslar, ba nisa da Hildesheim, an yi shekaru kusan dubu ana haƙar ma'adini a cikinsa sai 1988 aka rufe, ga kuma na Falun a Suwidin da jiragen 'yan kasuwa suke saukewa a Lübeck, kuza kuma daga Ingila.

Na uku kuɗi ne da son a san gari. Biranen ƙungiyar 'yan kasuwa ta Hanse sun yi arziki da gishiri da kifi da hatsi, kuma ba kowane coci ne yake da izinin baftisma ba sai cocin yanki, to kwatarniyar da duk ɗan gari zai ratsa ta cikinta ta zama abin alfaharin attajirai. Ki duba shekarun. Bremen wajen 1220 zuwa 1230, ita mutum huɗu ne a kan zakuna suka ɗauke ta. Osnabrück a daidai wannan lokacin, ƙarama ce. Rostock 1290, wannan kam dodo ce, kusan mita 3 har da gaggafar da ke saman murfi. Lübeck 1337, Kiel 1344, Halle 1430 wadda a cikinta aka yi wa mawaƙi Händel baftisma a 1685, Wittenberg 1457 aikin Hermann Vischer na Nürnberg. A kudu ma akwai, kamar ta Würzburg ta 1279 aikin Eckard mutumin Worms, sai dai ba su kai na arewa yawa ba. A can bakin teku Fünte suke ce musu, daga kalmar Latin ta maɓuɓɓuga.

Ta Lübeck da ta Kiel mutum ɗaya ne ya zuba su, Hans Apengeter, ana kuma jingina masa ta Wismar. A jikin ta cocin Maryamu na Lübeck akwai rubutu da yaren Jamusancin arewa, ba Latin ba, ana roƙa wa 'yan majalisar gari biyu da suka biya kuɗin rahama, a ƙarshe kuma shi maƙerin ya sa nasa roƙon, a gafarta zunuban wanda ya yi wannan tukunya, sunansa kaza, haifaffen ƙasar Saksoni. Duk sanda na karanta wannan layin sai in ji kamar na san shi.

Za ki iya jin wani zance a bakin masu zagayawa da baƙi, cewa kwatarniyoyin nan mudu ne na gari, wato da su ake tabbatar da awon giya da sauran kaya. Hujjarsu ita ce irin ta Lübeck tana cin lita 406, gangar giya ta Hamburg da Bremen kuma lita 405. Ni a ganina ya fi kusa a ce maƙerin da ya saba lissafi da awon garinsu da shi zai auna komai in zai yanka katakon juyawa, ko mai ba da aikin ya ce a yi mai cin ganga ɗaya. Amma a ce an shigo da 'yan kasuwa suna gwada ganguna a tukunyar da ruwa mai tsarki yake kulle a ciki duk shekara, wannan bai kwanta min ba, masana ma ba su haɗu a kansa ba.

Sai yadda suka kai yau, don tagulla abin narkarwa ce, duk sarkin da yake neman igwa idonsa a kanta yake, an kuma rasa da yawa a haka. Abin da ya taimaki na arewa shi ne mabiya Luther ba su farfasa hotunan coci ba kamar yadda aka yi a wasu wurare, sun ci gaba da baftismar jarirai a tukunyar da suka gada. A yaƙin duniya na biyu an kwashe dubban ƙararrawa an tara a Hamburg don narkarwa, kwatarniyoyi masu daraja kuma aka ɓoye da dama. Ta Hildesheim an riga an fitar da ita kafin ruwan bama-baman 22 ga Maris 1945 da ya rushe cocin. Ta Lübeck tana ciki lokacin gobarar harin Maris 1942, ta ji rauni aka gyara. Ta Wismar kuma cocinta ne aka rasa, an tarwatsa abin da ya rage na zauren cocin Maryamu a 1960, yanzu tana zaune a cocin Nikolai.

Tunda Hildesheim bai fi rabin awa daga Hannover a jirgin ƙasa ba, ki koma. Kar ki taɓa ta don Allah, gumin hannu yana da gishiri kuma shi ne yake cin wannan duhun launin da ya ɗau ɗaruruwan shekaru yana taruwa, launin nan ba datti ba ne, shi yake kare ƙarfen, yawancin ɓarnar da nake gyarawa a wurin aiki ta masu kyakkyawar niyya ce da suka goge abu da man goge ƙarfe don ya yi ƙyalli. Ki je da safe sanda haske yake shigowa ta gefe, ki tsuguna daidai tsayin mutum huɗun nan ki bi su ɗaya bayan ɗaya, za ki ga ba wanda ya yi kama da wani a fuska ko a sutura. Ki nemi Tigris, shi ne mai sulke da takobi, ki duba yadda aka fitar da zoben sulken nan ɗaya-ɗaya. In kin samu hutu mai ɗan tsawo kuma ki hau jirgi zuwa Lübeck, daga nan Wismar da Rostock duk layin bakin teku ne, kwana biyu sun ishe ki ki ga ukun.